Shayin Mudi da Jar Ƙwaya

Teburin shayin Mudi yana bakin tashar Tudun Wada, ta gefen da motocin Doguwa suke lodi, jingine da bangon kemis ɗin Abdulganiyu. Tun asuba yake hura gawayi. Direbobin da za su ratsa dajin Falgore ba sa son shiga da ciki wayam, saboda haka kafin rana ta fito benci ya cika, ana ta miƙo hannu: wannan ruwan bunu, wancan mai kauri da burodi, wani kuma a soya masa ƙwai kada a cika attaruhu. Sai hantsi ya ɗaga, motocin farko sun tashi, sannan teburin yake samun sararawa.

A lokacin ne Mudi yake haɗa kofin da ba na sayarwa ba.

Kofin silba ne mai murfi, ba ya cuɗanya da sauran. Sabon ganye yake zubawa, ya bar shi ya dahu har ruwan ya yi duhu, ya jefa citta da kanumfari, ya zuba madara da sukari ba ƙwauro. Sai ya dinga sheƙa shi daga wannan kofi zuwa wancan har kumfa ta taso. Ya rufe, ya naɗe da farin tsumma, ya leƙa kemis.

"Dakta, ga tebur nan."

"Je ka, ango," in ji Abdulganiyu, mutumin Ilorin da ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gida. Ba likita ba ne, magani kawai yake sayarwa, amma sunan ya bi shi.

Sagir, direban wata tsohuwar bas da kullum ita ce ta ƙarshen cika, ba ya barin wannan ta wuce shi.

"Jama'a ku duba zalunci! Mu da muke biya a ba mu ruwan ɗauraye kofi, wadda ba ta biya a juye mata gwangwanin madara sukutum!"

"Ranar da ka ɗauki ciki, Sagir, har gida zan kai maka," Mudi ya ce, ya wuce ana dariya.

Matarsa Nusaiba, 'yar Badafi ta ƙasar Ƙiru, ita ce mai cikin, kuma na biyu ne. A na farko, wanda aka haifi 'yarsu Husna, jini ya ɓalle mata bayan haihuwa. Mudi yana tsaye a barandar asibiti ya ji ana cewa a nemo jini da gaggawa. Aka gwada nasa, aka ce bai dace da nata ba. Wani ɗan acaɓa da ya kawo mara lafiya shi ya miƙa hannu, aka ɗiba, ya hau babur ɗinsa ya tafi kafin a tambayi sunansa.

Mudi bai yi nisa a boko ba. Karatunsa a jikin tsofaffin jaridun naɗe burodi ya ƙarasa shi, sauran kuma daga rediyo. Amma mutum ne mai tauna magana. Abin da wani zai ji ya manta kafin la'asar, shi sai ya yi wata yana juya shi. Wannan na baranda kuwa shekaru ya yi yana juyawa: baƙon da bai san ta ba jininsa ya yi mata amfani, shi da yake son ta nasa bai yi ba. Bai taɓa samun inda zai ajiye wannan magana ta zauna daidai ba.

Saboda haka da Nusaiba ta dawo daga awon farko ta ce an ce jininta ya yi ƙasa, an ba ta wata jar ƙwaya ta dinga sha kullum, sai Mudi ya karɓe maganin ya sa a aljihun gaban rigarsa. Wannan karon ba zai tsaya a baranda ba. Ya yi lissafinsa tsaf: ba a shan magani da ciki wayam, madara tana gina jiki, shi kuma duk duniya ba abin da ya iya kamar shayi.

Kullum a ƙarƙashin rumfar tsakar gida yake samun ta, tana tsintar shinkafa ko tana gyaran zogale, Husna ta tafi makarantar allo.

"Sannu da zuwa, Baban Husna."

"'Yar Badafi, kawo hannu."

Ya ɓallo ƙwayar ya sa mata a tafi. Ta jefa a baki, ta kora da kurɓin farko.

"Buɗe in gani."

"Sai ka ce wata yarinya!" Amma ta buɗe, tana dariya.

Daga nan ya kifa turmi ya zauna, yana jiran kofinsa. Ya ba ta labarin tasha: wanda tayarsa ta fashe a tsakiyar daji ya bar fasinja da birai suna kallon juna, da Bafulatanin da ya sayi burodi ya ce a yanka masa ta tsaye. Nusaiba tana kurɓa a hankali, kamar mai tsoron kofin ya ƙare.

"Ki ɗan yi sauri mana, mutane na jira."

"Da zafi," ta ce.

Shi kuwa ya san shayi. Ya san tuni ya huce. Ya ɗauka shagwaɓar masu ciki ce.

Damina ta yi nisa, masara ta fara goyo, cikin yana girma, amma Nusaiba ba ta ƙara kuzari ba. In ta ɗebo ruwa daga rijiya sai ta tsaya tana haki. Rannan tana daka ta saki taɓarya ta zauna a ƙasa, ta ce gidan ne yake juyawa. Tafin hannunta ya yi fari, leɓenta ma haka. Mudi ya ga abin, sai ya ƙara ganye, ya ƙara madara.

Ranar da ta koma awo, ba a daɗe ba aka aiko a ce maigidanta ya zo.

Asibitin ƙarami ne, na unguwa. Mata sun cika bencina, Mudi kaɗai ne namiji, ya rasa inda zai sa idonsa, ya cire hula ya mayar. Aka shigar da shi wajen Sista Halima, babbar mace mai tabarau, wadda ta karɓi haihuwar rabin yaran unguwar kuma ba ta iya zagaye-zagaye ba. Nusaiba tana zaune a gefe, kanta a ƙasa.

"Kai ne maigidan?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Jinin matarka bai motsa ba. In ma ya motsa, ƙasa ya yi. Ni na san halin matan nan. A ba su magani, ya tayar musu da zuciya sau ɗaya, sai su dinga tura shi ƙarƙashin katifa. Shi ya sa na ce a kira ka, ka sa ido."

"Sista, wannan kam ban da ita. Da hannuna nake ba ta." Ya zaro maganin daga aljihu, ya nuna mata ramukan da aka ɓalle. "Ko fashin rana ɗaya ba mu taɓa yi ba. Har bakinta nake dubawa."

Sista Halima ta juya maganin a hannunta.

"Ikon Allah. To da me take sha?"

A nan ne Mudi ya yi murmushinsa na farko tun da ya shigo.

"Da shayi. Ai ni mai shayi ne, Sista, a bakin tasha. Nata daban nake haɗawa, kakkaura, ganye sabo, madara kuwa sai ta ce ya isa."

Sista Halima ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. Ba ta dube shi ba. Nusaiba ta duba.

"Nusaiba. Ranar da kika fara zuwa, da na tara ku a rumfar can, me na ce muku a kan shayi da madara?"

A waje wani jariri yana kuka.

"Da ke nake."

"Kin ce kada a haɗa su da maganin," Nusaiba ta ce, da ƙyar ake jin ta.

Mudi ya juya ya dubi matarsa. Ita kuwa bakin mayafinta take murzawa.

"Malam, saurara," in ji Sista, muryarta ta ɗan sauko. "Shayinka ba guba ba ne. Amma in shi da madara suka haɗu da ƙwayar nan a ciki, riƙe ta suke yi, jiki ba ya samun abin da ke cikinta sai ɗan kaɗan. Makarinta ke nan. Da ruwa za ta dinga sha, in da lemo ko gwaiba ta ci a kai, sun fi taimaka mata. Shayi kuma a ba shi tazara, kamar daga hantsi zuwa azahar. A nemo mata hanta, da wake, da ganye. Akwai sauran lokaci, amma ba shi da yawa. In ta dawo awo na gaba ban ga canji ba, babban asibiti zan tura ku. Kuma tun yanzu ka fara neman waɗanda za su ba da jini, kada a zo ana guje-guje."

Neman jini. Mudi ya ji kamar an mayar da shi barandar nan, har warin maganin wanke ƙasa ya dawo masa a hanci.

Ya tare wa Nusaiba adaidaita, ya biya, ya ce a kai ta har ƙofar gida. Shi kuma ya taka da ƙafa zuwa tasha. Gawayi ya mutu. Bai hura ba. Ya shiga kemis ya zauna a kan kwalin ruwan leda, ya kwashe komai ya faɗa wa Abdulganiyu.

Abdulganiyu ya dafe kai.

"Subhanallahi! Wallahi da na san da ƙwayar kake haɗawa, da tun a ƙofar nan na tare ka. Ni na zaci soyayya kawai kake kaiwa a kofin."

"Ni ma haka na zata."

"Ai a wajen da muka koyi aikin nan har kalma suke da ita ta Turanci. Counteract."

"Kanta me?"

"Counteract. Wato abu yana aikinsa, wani ya zo ya yi aiki akasinsa, har ya rage masa ƙarfi ko ya mayar da shi kamar ba a yi ba."

Mudi ya maimaita kalmar a hankali sau biyu, kamar mai ɗanɗana gishirin miya.

"Mugun abu ne yake yi wa na kirki haka, ko na kirki ne yake yi wa mugu?"

"Duk ana faɗa. Maciji ya sari mutum, a yi masa allura, allurar ta yi wa dafin haka. Miya ta yi tsami, uwargida ta jefa kanwa, kanwar ta yi wa tsamin haka. Kai kuma ka ga naka. Kalmar ba ruwanta da wane ne mai gaskiya. Abu biyu kawai take nema, su haɗu a wuri ɗaya, kowa yana ja ta nasa gefen."

"Ana faɗar ta a kan mutum?"

"A kan aikinsa dai aka fi faɗa. Ba Mudi ake yi wa ba, ƙoƙarin Mudi ake yi wa."

"To in duka biyun na kirki ne fa, Dakta?"

Abdulganiyu ya buɗe hannuwa. "Sai ka ga abin da ka gani yau."

Mudi ya ce, "Ni a sanina, dafi ake nema wa makari, da sammu. Yau na fara jin an ce magani ma yana da makari. Kuma wai ni nake dafa shi, har da kanumfari."

"Kai dai gode wa Allah an gane da wuri. Tashi ka hura wuta, ga mutane can suna leƙen tukunyarka."

Ya tashi ya hura. Hannunsa yana aiki, kansa yana wani wuri. Ya sha jin malamai suna cewa Allah niyya yake dubawa, kuma ya yarda. Amma jini ba ya duba niyya. Ya lissafa abin da ya shiga cikin maganar nan, bai sami mugu ko ɗaya ba. Maganin na kirki ne. Shayin na kirki ne. Shirun Nusaiba ma, duk yadda ya juya shi, bai ga mugunta a ciki ba. To ta ina cutar ta shigo? Abin da ya fi ci masa rai shi ne wannan: da a ce shi irin mazan nan ne da ba su san ma an ba matansu magani ba, da ta sha da ruwan randa, da yanzu jininta ya hau. Sakacin wani da ya fi kulawarsa amfani. A karo na biyu ke nan abin da ya fito daga gare shi bai dace da jikinta ba.

Washegari da hantsi bai haɗa kofin ba. Ya kife shi a kan ƙusa a jikin bango. Ya sayi gwaiba wajen mai tallan da ke zuwa daga Doguwa, ya sayi hanta wajen mahauta, ya nufi gida.

"Ango, yau ina amanar?" Sagir ya ɗaga murya. "Ko an kore ka ne?"

Mudi ya wuce abinsa. Abdulganiyu ya yi wa Sagir alama da ido ya bar maganar.

A gida ya tsaya daga bakin rumfa. Ya ɗebo ruwa a moɗa, ya miƙa mata da ƙwayar.

"Sha."

Ta sha. Ya ajiye gwaiba da hanta a kan faifai.

"Ki ci wannan a kai. Haka Sista ta ce."

"To. Ba za ka zauna ba?"

"Mutane na jira."

Ba fushi yake yi ba, ko da yake daga waje ba mai iya bambancewa. Kunya ce. In ya dubi farin tafin hannunta sai ya ga kofinsa. Kuma yanzu ba abin da zai jira a gama sha, to zaman me zai yi? Turmi ya zauna a tsaye inda yake.

Haka aka yi kwanaki. Maganin yana shiga da ruwa kamar yadda aka ce. Mudi ya bi abokansa ɗaya bayan ɗaya a kan maganar jini. Abdulganiyu ya ce ko yau ake so. Sagir ya daki ƙirji ya ce shi ma yana ciki, "amma ka gaya wa Sista, jinina rabinsa shayinka ne, kada ya je ya karya mata magani." Mudi ya yi murmushin dole.

Wata safiya an kwana ana ruwa, tsakar gida duk taɓo. Ya shigo da sabuwar gwaiba, ya je zai ajiye a kan faifai, sai ya ga ta jiya tana nan, da ta shekaranjiya, wata har ta fara laushi ƙananan ƙudaje suna bin ta. Ya buɗe kwanon da ke gefe. Tuwon dare ne, an gutsiri gefe ɗaya an bari.

"Nusaiba, me ke nan?"

"Ba na jin ci."

"Hantar fa?"

"Husna ta ci."

"Husna ce mai cikin?" Muryarsa ta tashi ba da niyya ba. "Kin ji abin da matar nan ta ce. Kina so a sake kwasar ki a mota ana neman jini? So kike ki bar ni da yarinya?"

Nusaiba ta ɗago. Rabon da ta dube shi ido cikin ido tun kafin ranar asibiti.

"Abinci ba ya wucewa, Baban Husna. Kana shigowa kamar ma'aikacin allurar rigakafi, ka miƙa, ka juya. Na san na yi laifi. Ka yi mini faɗan mana a wuce wurin."

Ya ajiye gwaibar. Ya dubi turmi, ya dubi taɓo, sannan ya jawo turmin ya kifa ya zauna.

"To gaya mini. Kin sani tun ranar farko. Me ya hana ki faɗa?"



"Na yi niyya. Washegarin awon nan na shirya maganata tsaf. Sai aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na ce yau kam ba zai zo ba. Ina zaune sai ga ka, ba lema, ka jiƙe har hula, ka cusa kofin a cikin riga ka rungume shi kamar jariri. Ka buɗe, yana tururi. Kana dariya kana cewa ko ɗigo bai shiga ba. To ka gaya mini, a nan ne zan ce maka mayar, an hana?"

"Washegari fa? Ai ba kullum ake ruwa ba."

"Washegari na ce gobe. Daga baya kuma na ce wa kaina, Sista tana dai tsoratarwa ne, ina kofi ɗaya zai fi ƙarfin maganin asibiti." Ta share hanci da bakin zani. "Kuma ba shi ke nan ba."

"Ina ji."

"Kana fita ban tashi ba. Kana dawowa na yi barci. Tun da aka kawo ni garin nan haka muke, ban ce komai ba, sana'a ce. Sai da aka ba ni ƙwayar nan na fara ganin ka da rana, zaune, kana ba ni labarin birai. In kofin ya ƙare ka tashi. Na ga in na ce ban da shayi, to ban da zama. Kuma ga shi, haka aka yi."



"Ashe da kike cewa da zafi..."

"Kai ma ka san ya huce. Kai ne fa mai shayi."

Dariya ta kuɓuce masa, irin wadda take fitowa tare da ƙwalla. Ya sunkuyar da kai yana girgiza shi. Duk kwanakin nan yana can yana auna alheri da alheri a bakin tukunya, bai lura ba cewa gyaran da ya yi shi ma ya zama makarin wani abu. Ya raba shayi da magani, ya haɗa har da kansa ya cire.

"'Yar Badafi, kin kusa kashe kanki a kan labarin birai."

"Ai ba birai kaɗai ba. Har da mai burodi ta tsaye."

"Allah ya shirye ki."

"Amin, tare da mai dafawa."

Ya zaro 'yar wuƙarsa ta yankan burodi, ya zaɓi gwaiba mai kyau, ya wanke, ya yanka gida huɗu. Ya ɓallo ƙwayar, ya miƙa mata da moɗa.

"Sha. Ki bi da wannan. Ba inda za ni sai kin cinye, tuwon ma a ɗumama."

"Mutane fa?"

"Su sha ruwan leda wajen Dakta."

Ta ci yanka ɗaya, ta ci na biyu. Yana kallon ta yana tuna abin da Abdulganiyu ya ce, wai abu biyu kalmar take nema, su haɗu a wuri ɗaya. To in ba su haɗu ba fa? Sista ma ai ba ta ce a daina ba, tazara ta ce a bayar. Shi ne da kunyarsa ya ji rabin maganar ya bar rabi.

"Bayan azahar tasha tana mutuwa," ya ce. "Ba mota, ba kowa sai masu barci a benci. Zan dawo da kofin. Amma ba kakkaura irin na da ba."

"Sau biyu ke nan a rana?"

"Magani da safe, shayi da rana. Kowa da lokacinsa, kada su ga juna."

Nusaiba ta ɗauki yanka na uku.

"To tunda ana gyara, a rage sukari. Tun farko ya yi mini yawa."

"Shi ma kin sani kika yi shiru?"

"Yanzu ai ga shi na faɗa."

Daga ranar teburin Mudi ya koma zama ba mai shi sau biyu a yini. Sagir ya ce zai kai ƙara wajen shugaban tasha, a san ko tebur ne ko ofishin gwamnati. Abdulganiyu ya koyi zuba ruwan bunu, ko da yake kowa ya ce nasa kamar jiƙon saiwa yake. Wasu masu saye suka koma teburin tsallaken titi, Mudi ya gan su, ya ci gaba da harkarsa.

Ranar awo na gaba tare suka je, ba a aiko ba. Ya zauna a ƙarshen bencin mata da hularsa a hannu, wata tsohuwa da ta rako jikarta tana tambayarsa shi wata nawa ne nasa. Aka ɗebi jinin Nusaiba a yatsa. Jiran bai yi tsawo ba, amma Mudi ya karanta duk addu'ar da ya sani.

Sista Halima ta duba sakamakon ta saman tabarau, ta jawo fatar idon Nusaiba ta leƙa, ta juya tafin hannunta.

"Ya hau."

Mudi ya saki numfashi.

"Kada ka yi mini murna tukuna, mai shayi. Bai kai inda nake so ba. Amma ya hau, kuma in aka ci gaba a haka zai kai kafin lokaci. Ba zan tura ku ko'ina ba yanzu. Masu ba da jinin nan dai su zauna kusa."

"Suna nan, ranki ya daɗe. Ɗayansu ma motarsa ba ta taɓa tashi da wuri ba."

"An daina shayin?"

Mudi da Nusaiba suka dubi juna.

"Sai bayan azahar," Nusaiba ta ce, wannan karon da muryarta sosai.

"To madalla. Ni kuma ba a san hanyar ofishina ba ko?"

Da aka sauko daga sallar azahar ran nan, Mudi ya haɗa kofi biyu. Ɗaya ya ba mai adaidaita ya kai asibiti. Ɗayan, na silba, ya naɗe da farin tsumma ya nufi gida. Rana ta buɗe bayan ruwan safe, zogalen da ke bayan ɗaki yana ta ɗiga. Ya kifa turmi ya zauna, ya fara ba ta labarin yadda Sagir ya yi lodin akuya a kujerar gaba, ta cinye masa takardar mota kafin a kai Falgore.

Labarin ya ƙare, ya kawo wani. Shi ma ya ƙare. Ya leƙa kofin, da saura kusan rabi, ko alamar tururi babu.

Nusaiba ta riƙe shi da hannu biyu, tana hurawa.

"Da zafi," ta ce.

"Na sani," in ji Mudi, ya gyara zama. "Bar shi ya huce."